Saba'in Ɗin Wa? Rikicin Rufi da Shara-shara a Manhajojin Taswira

Zangon karatun da ya wuce, mu biyar aka haɗa rukuni ɗaya aka ba mu aikin zana taswirar wata unguwa da ke bakin rafi. Abin da ake so mu nuna shi ne iyakar inda ruwa ke kaiwa idan damina ta yi ƙarfi, da kuma gidajen da suka faɗa cikin wannan iyaka. Mun yi mako uku muna kai da kawowa, mun sha rana, mun sha tambayoyin masu unguwa da ke zaton filayensu muka zo aunawa. Da muka dawo ɗakin kwamfuta sai muka shimfiɗa hoton tauraron ɗan'adam a ƙasa, muka zana yankin ambaliya da shuɗi a kansa. Dabarar ita ce shuɗin ya zama shara-shara, yadda mai kallo zai ga launin ruwa kuma ya ga rufin gidaje a ƙarƙashinsa.

Takardar darasin da muka gada daga 'yan ajin gabanmu ta ce a sa 70. Muka sa 70. A fuskar laftof abin bai yi muni ba, idan ka ƙura ido kana hango gidajen. Muka yi karo-karo muka kai aka buga mana a babbar takarda. Ranar gabatarwa malam ya tsaya gaban taswirar, ya gyara tabarau, ya ce, "To, na ga ruwa. Ina gidajen?"

Wallahi babu su. Shuɗi ne kawai malale kamar an zubar da bokitin shuni. Sai daga baya muka gano inda gizo ke saƙa: wanda ya rubuta takardar darasin da ArcMap ya yi aiki, mu kuwa QGIS ce a kwamfutocinmu. Akwatin da ya sa wa 70 sunansa "Transparency". Wanda muka sa wa 70 sunansa "Opacity". Saba'in ɗinsa talatin ɗinmu ce. Maki ya tafi, kuɗin bugu ya tafi, kuma sai da muka sake bugawa.

Tun daga ranar nake bin diddigin wannan ɗan ƙaramin abu, kuma na tarar ba mu kaɗai ya taɓa kayarwa ba. Su kansu masu ƙera manhajojin sun daɗe suna fama da shi.

Abu ɗaya, ma'auni biyu

Bari mu sa wa kalmomin nan suna da Hausa don magana ta yi sauƙi. "Opacity" zan kira shi rufi, wato yadda abin da ke sama ya rufe na ƙasa. "Transparency" kuma shara-shara, kamar yadda ake cewa mayafi shara-shara ne idan ana hango abin da ke bayansa. Rufi 100 na nufin ba ka ganin komai a ƙasa. Shara-shara 100 na nufin abin saman ne ya ɓace gaba ɗaya. Abu ɗaya suke aunawa, sai dai kowanne daga nasa gefen yake fara ƙirga. Idan ka san ɗaya, cire shi daga 100 ka sami ɗayan.

Duk wanda ya kwana a hostel ya san irin wannan a wajen fanka. Wata fankar lamba 1 ce ƙarshen gudu, wata kuma sai ka kai 5. Ka shiga ɗakin aboki cikin zafin watan Afrilu ka murɗa zuwa 5, fanka ta koma tafiyar hawainiya. Ita fankar lafiyarta ƙalau, hannunka ne ya saba da wata.

Abin da ya sa wannan kuskure ke da wuyar kamawa shi ne lamba 50. A nan kaɗai ma'aunan biyu suke haɗuwa: rufi 50 daidai yake da shara-shara 50. Kuma mafi yawanmu ranar da aka fara nuna mana abin, tsakiya muka ja ɗan maɓallin muka ga ya yi, muka wuce. Sai mutum ya shekara yana aiki bai taɓa lura da wace kalma ce rubuce a gefen akwatin ba. Ranar da aka ce ya sa 20 ko 80, ranar asiri ke tonuwa.

Abin da kwamfuta ke yi a ɓoye

Ita kwamfuta ba ta san wani shara-shara ba. Fuskarta ɗigo-ɗigo ce, kowane ɗigo launi ɗaya tak yake iya nunawa a lokaci guda. Launin kuwa lambobi uku ne: ja, kore, shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Idan aka ɗora wata shimfiɗa kan wata, sai ta yi lissafi ta fitar da launi na uku wanda zai yaudari idonka ka ɗauka kana hango ƙasa ta cikin sama. Lambar da ke sarrafa wannan lissafi ita ake kira alfa, tana tafiya daga 0 zuwa 1. Ana ninka launin sama da alfa, a ninka launin ƙasa da abin da ya rage idan an cire alfa daga 1, sannan a haɗa su.

Ga misali. Ɗauki ja tsantsa, wato 255 da 0 da 0, ka ba shi alfa 0.6, ka ɗora kan farar takarda. Abin da zai fito shi ne 255 da 102 da 102, wani ja mai haske kamar ruwan hoda. Ɗora wannan jan dai kan baƙi, sai ka sami 153 da 0 da 0, ja mai duhu kamar busasshen zoɓo. Launi ɗaya, alfa ɗaya, amma abin da ido ya gani ya bambanta saboda abin da ke ƙasa ya bambanta. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da wannan lissafi na gane takamaimai abin da ya cinye gidajenmu. A ce hasken rufin kwano a hoton 200 ne, na ƙasar da ke gefensa 100. Tazarar da ke tsakaninsu, wadda ita ke sa ido ya raba gida da fili, 100 ce. Idan ka ɗora shuɗi mai rufi 30, kashi 70 na tazarar ya tsira, saura 70. Idan rufin 70 ne, saura 30 kacal. Fuskar laftof mai haske ce daga ciki, tana iya nuna wannan 'yar tazara. Tawada a kan takarda kuwa ba ta da wannan gatan, musamman idan injin bugun ya kwana biyu.

Wannan alfa ba don taswira aka ƙirƙiro ta ba. Ed Catmull da Alvy Ray Smith ne suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1970 a wata cibiyar fasaha da ke New York, suna neman hanyar ɗora hoto kan hoto a kwamfuta. Su ne daga baya suka kafa Pixar, kamfanin finafinan katun. A 1984 kuma Thomas Porter da Tom Duff, suna aiki a Lucasfilm, suka fitar da takardar da ta tsara lissafin haɗa hotuna dalla-dalla, wadda har yau a kanta ake tafiya. Abin lura a nan: alfa tun asalinta ma'aunin rufi ce. Alfa 1 rufi ne cikakke, alfa 0 babu komai. Duk manhajar da ta nuna maka shara-shara, juya lambar take yi a bayan fage kafin ta miƙa wa injin zane.

Masu taswira kuwa ta wata ƙofa suka shigo. Tun kafin kwamfuta suna ɗora takarda mai shara-shara kan wata a bisa tebur mai fitila a ƙasa. 'Yan safiyo da 'yan zanen gine-gine da suka taɓa riƙe takardar tiresin sun san abin da nake nufi. Ian McHarg, ɗan asalin Sikotilan da ya koyar a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, shi ya shahara da wannan dabara a littafinsa Design with Nature na 1969. Zai zana gangare a leda ɗaya, magudanar ruwa a wata, dazuzzuka a wata, gidajen jama'a a wata, ya jera su kan juna. Inda ya fi duhu, nan ne gina hanya zai fi ɓarna. Inda haske ya ratsa, nan ya fi dacewa. Ga mutumin da ya taso a wannan al'ada, tambayar da ke bakinsa ita ce, "Nawa nake iya hangowa ta ciki?" Mai zanen kwamfuta kuma tambayarsa, "Nawa fentin ya kama?" To ka ji mafarin rabuwar kai.

Wa ke amfani da wanne

Manhajojin Esri da muke gani a sashe, ArcMap da ArcGIS Pro, shara-shara suke nunawa: 0 shimfiɗa ta fito sosai, 100 ta ɓace. PowerPoint ma haka. AutoCAD ma shara-shara ne, amma shi a 90 yake tsayawa, ba ya bari ka kai 100, don kada ka ɓatar da zane ka zo kana zaton kashe shimfiɗar aka yi. Wannan hikima ce, na yaba musu. Amma 'yan'uwa masu AutoCAD ku kula: idan za ku buga, sai kun sa alama a akwatin da ke cewa a buga da shara-shara, in ba haka ba zanen zai fito a rufe ruf kamar ba ku taɓa komai ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Photoshop da GIMP da Inkscape, duk rufi suke aunawa. Harshen ado na shafukan intanet, CSS, rufi ne daga 0 zuwa 1. Leaflet da OpenLayers, waɗanda 'yan kimiyyar kwamfuta ke ɗora taswira a shafi da su, su ma haka.

Da a ce rabuwar a nan ta tsaya, da da sauƙi: ka haddace wace manhaja ce ke wane gefe, shi ke nan. Matsalar ita ce a cikin gida ɗaya ma ana samun baki biyu. Buɗe Google Earth Pro ka ɗora hoton wata tsohuwar taswira. Za ka ga ma'aunin an rubuta masa shara-shara, amma idan ka ja shi dama, rufi yake ƙaruwa. Abin da ya cece shi shi ne sun rubuta kalma a kowane ƙarshe, ɗaya na cewa garau, ɗaya na cewa a rufe. Zana fili mai kusurwoyi a cikin wannan manhaja dai, ka shiga wajen launi, sai ka tarar da akwatin rufi mai kashi 100. Su ma Esri, abin da mai amfani ke gani a taswirarsu ta intanet shara-shara ne, amma mai rubuta umarni da JavaScript rufi zai rubuta daga 0 zuwa 1, alhali mai rubutawa da Python a ArcGIS Pro shara-shara zai rubuta daga 0 zuwa 100.

Sannan ga rikicin tsawon ma'aunin kansa. Wani wuri 0 zuwa 1, wani 0 zuwa 100, wani 0 zuwa 255, wani kuma da haruffa biyu na lissafin goma sha shida, daga 00 zuwa ff, inda rabi yake kusan 80. Ka ga wani tarkon: 80 a nan 128 ce cikin 255, wato rabi, ba kashi 80 ba. Har wurin da ake ajiye haruffan bai zama ɗaya ba. A CSS alfa ce ƙarshe, bayan ja da kore da shuɗi. A fayil ɗin KML na Google Earth alfa ce farko, sannan shuɗi, kore, ja, wato a juye. Kwafi lambar launi daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da ka gyara ba, kogin da ka yi wa shuɗi ya koma wani launi da kai ma ba ka san sunansa ba.

Yadda QGIS ta share ɗakinta

Labarin QGIS ya fi ba ni sha'awa, saboda manhaja ce ta kyauta wadda masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ke ginawa, kuma ita mafi yawanmu ke iya sawa a laftof ba tare da neman lasisi ba. Gary Sherman ne ya fara ta a 2002. Da yake hannu da yawa ne suka gina ta cikin shekaru, kowa da abin da ya saba da shi ya zo. A jerin fitowa ta 2, wadda ta ƙare da 2.18, shimfiɗar layuka da filaye tana da ma'aunin shara-shara, amma tagar zaɓen launi rufi take nunawa. A ɓangaren masu rubuta umarni abin ya fi haka dagulewa: wani wuri ka ba da shara-shara daga 0 zuwa 100, wani wuri rufi daga 0 zuwa 1, wani wuri kuma sunan alfa ne kai tsaye. Mutum ɗaya, taswira ɗaya, sai ya juya ƙwaƙwalwarsa sau uku kafin ya gama.

Da suka zo fitar da QGIS 3.0 a watan Fabrairun 2018, sai suka tsayar da magana ɗaya: rufi. Ma'aunan da ke fuskar manhaja suka koma rufi da kashi cikin ɗari, umarnin ciki kuma rufi daga 0 zuwa 1.

Me ya sa suka jira har lokacin? Saboda gyara irin wannan ba kyauta ba ne. Akwai ɗaruruwan ƙananan manhajoji na ƙari da mutane suka rubuta suna kiran tsofaffin sunayen umarni. Ranar da ka canza suna, ranar duk za su daina aiki. Amma fitowa ta 3 dama ta zo da ƙaura zuwa Python 3 da Qt 5, wadda ko ana so ko ba a so sai kowa ya sake taɓa abin da ya rubuta. Tunda an riga an kwance rufin ɗaki, sai a gyara azara gaba ɗaya. Tsofaffin fayilolin aiki kuma ba a bar su a baya ba: idan sabuwar QGIS ta buɗe aikin da aka adana da tsohuwa, da kanta take juya lambar.

Abin da ba ta iya juyawa shi ne abin da ke wajenta: takardun darasi, bidiyoyin koyarwa, da abin da ya zauna a kan mutane. Duk bidiyon da aka ɗauka kafin 2018 yana nan yana cewa a ja zuwa 70, kuma ɗalibin da ya buɗe shi yau ba lallai ya duba shekarar ba. Kuma ko a QGIS ta yanzu ragowar tsohon zance bai gama fita ba. Shiga kaddarorin hoton tauraron ɗan'adam: shafin sunansa shara-shara, ma'aunin da ke cikinsa sunansa rufi. Ban ga laifinsu sosai ba, don shafin yana ɗauke da wasu abubuwan, kamar ɓoye baƙin gefen hoto. Amma sabon shiga zai iya karanta sunan shafi ya zuba lamba bai kalli sunan akwati ba.

Wanne ya fi?

Masu goyon bayan shara-shara suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa babu wanda ke buɗe wannan taga don yana son ya rufe abu. Shimfiɗa dama a rufe take zuwa. Abin da ya kawo ka shi ne kana son ka hango ƙasa, don haka abin da kake ƙarawa shi ya kamata a auna, ya fara daga sifili ya hau. Kuma kalmar ta fi zama a bakin mutane. Ko a ajinmu, kafin wannan abu ya faru, da ka tambayi ma'anar "Opacity" da yawa sai sun buɗe ƙamus.

Masu rufi kuma suna cewa ma'aunin da ƙaruwarsa ke rage abu yana wahalar da tunani. Ka ƙara murya, murya ta ƙaru. Ka ƙara haske, haske ya ƙaru. Ka ƙara kaurin layi, layi ya yi kauri. Sai a zo wuri ɗaya a ce idan ka ƙara, abin ya dushe? Gwada faɗin "rage shara-shara" ka ji yadda sai ka ɗan tsaya kafin ka gane cewa abin zai ƙara fitowa ne. Ƙari a kan haka, rufi shi ne alfa kai tsaye, babu juyi tsakanin abin da ka gani a taga da abin da za ka rubuta a umarni.

Ni dai ina tare da masu rufi, kuma dalilina na lissafi ne. A QGIS kana iya rage rufin launin alama, ka kuma rage rufin shimfiɗar gaba ɗaya. Idan ka sa kowanne 50, abin da zai fito rufi 25 ne, rabin rabi, ninkawa kawai. Da ma'aunin shara-shara fa? Hamsin da hamsin sun ba da 75. Sai ka juya kowanne, ka ninka, ka sake juyawa kafin ka iso nan. Adalci dai, akwai inda shara-shara ke cin riba: idan shimfiɗu daban-daban ne aka jera kan juna, kamar ledojin McHarg, abin da ke ratsowa daga ƙasa shi ake ninkawa. Biyu masu rabi-rabi suna barin kashi 25 na hoton ƙasa, uku suna barin 12.5. Shi ya sa wanda ya jera shimfiɗa huɗu yana cewa ai duk na sa musu rabi, yake ƙarewa da taswira mai kama da ruwan kwata.

Amma fifikon da nake ba rufi bai kai damuwata da daidaito ba. Da QGIS ta zaɓi shara-shara ta tsaya a kansa ko'ina, da ban yi ƙorafi ba. Jakob Nielsen, cikin ƙa'idoji goma na tsara fuskar manhaja da ya fitar a 1994, ya sa daidaito da bin abin da aka saba a matsayin ɗaya daga ciki, kuma dalilin a fili yake. Hannu ya fi ido sauri. Bayan mako biyu da fara amfani da manhaja ka daina karanta abin da ke rubuce, hannunka ne ke tuna inda zai ja. Idan taga ɗaya dama na nufin fitowa, taga ta biyu dama na nufin ɓacewa, to mai manhajar ya haƙa rami a hanyar da ya san za ka bi da gudu. 'Yan kimiyyar kwamfuta da ke shirin furojet na ƙarshe, wannan naku ne: zaɓi ɗaya, ka rubuta alamar kashi a gefen lamba, ka sa kalma a kowane ƙarshen ma'auni, kuma ka bar mutum ya ga canjin nan take yana ja. Wanda ke ganin sakamako da idonsa ba ya buƙatar ya tuna ma'anar kalma.

Wani abu da ya tsaya mini a rai: ranar da za a mayar da irin waɗannan manhajoji Hausa, wace kalma za a sa? Shara-shara tana nan daram, kowa ya san ta. Rufi kuwa ni na ɗauko ta don wannan rubutu, kuma wani zai ce kauri ya fi, wani ya ce duhu. Duhu ba zai yi ba, don farin fenti ma yana rufewa ruf. Ka ga idan ba a yi hattara ba, sauƙin kalma zai ja mai fassara ya rubuta shara-shara a kan ma'aunin da ke auna rufi, a koma gidan jiya.

Makullin taswira ma yana ƙarya

Na ce za mu dawo kan jan nan da ya canza kama. Ɗan akwatin da ke gefen taswira mai bayanin ma'anar kowane launi, a kan farar takarda yake zaune. Launin da ke cikin taswirar kuwa a kan hoto yake, wani wuri kan ciyayi, wani wuri kan kwalta, wani wuri kan jan ƙasa. Da zarar ka rage rufi, launin cikin akwati da na cikin taswira sun raba hanya. Idan launi biyu ne kawai, babu damuwa. Amma a ce ka raba haɗarin ambaliya gida biyar, daga shuɗi mai haske zuwa mai duhu. Shuɗi mai haske da ya faɗa kan inuwar bishiyoyi zai iya fin shuɗi mai duhu da ya faɗa kan farin yashi duhu. Mai karatu ya duba makulli ya ce wannan layin yana cikin babban haɗari, wancan kuma lafiya lau, alhali akasin haka ne. A aji maki ne zai tafi. A ofishin tsara gari ko hukumar agajin gaggawa, irin wannan takarda ce ake dubawa a ce su wa za a fara kwashewa.

Akwai kuma bambanci tsakanin rage rufin alama da rage rufin shimfiɗa, ko da lambar ɗaya ce. Idan alamar ka rage wa, kowane fili da kansa ake zana shi shara-shara, don haka inda biyu suka hau kan juna wurin zai fi duhu. Idan shimfiɗar ka rage wa, sai an gama zana filayen duka a rufe sannan a dusashe su tare, babu inda zai fi wani duhu. Wani lokaci duhun nan kake so, misali ka nuna inda filaye biyu suka shiga juna a rikicin iyaka. Wani lokaci kuma zai sa a ga haɗari ninki biyu a inda kuskuren zane ne kawai.

Idan abin da kake so shi ne inuwar tsaunuka ta fito ta cikin launi, akwai hanyar da ta fi rage rufi: salon haɗa launi na ninkawa, wanda QGIS ke da shi tun fitowa ta 2.0 a 2013. Shi ba ya wanke launin ya koma fari-fari, duhun ƙasa kawai yake ɗorawa a kai.

Mu dai a bugu na biyu ba mu ma tsaya kan 30 ɗin ba. Mun cire cikon shuɗin daga kan unguwar, muka zagaye iyakar ruwan da layi mai kauri, muka cika cikinta da siraran layuka a karkace, gidajen kuma muka zana su ɗaya bayan ɗaya da baƙi a sama. Kafin mu biya kuɗin babbar takarda, sai da muka buga wani yanki a ƙaramar takarda muka fita da ita rana muka duba. Takardar darasin kuwa tana nan tana yawo a hannun 'yan ajin bayanmu. Na karɓi kwafin da ke wajen wakilin ajinsu, na soke 70 ɗin da jan biro, na rubuta a gefe: idan ArcMap ce shara-shara 70, idan QGIS ce rufi 30. Sauran kwafin da aka riga aka yi hoto, waɗannan ban san hannun da suke ba.